Bakin Alhaji Jibrin

Bara makarantar Dakar ta ƙi ɗaukata, kuma ba takarduna suka kayar da ni ba. Mutumin da ya fi kowa sona bayan mahaifiyata ne ya kayar da ni, a waya, yana zaune bisa buhun hatsi yana cin goro. Ni kuwa ban sani ba sai da shekara ta kusa zagayowa.

Bari in gaya muku ko ni wace ce, saboda waɗanda yanzu suka shigo. Sunana Zuhaira, 'yar Tanut. Na yi lisansi, digirin farko ke nan, ta harkar kasuwanci a Damagaram, na dawo gida na kama aiki a mangaza, wato gidan ajiyar hatsi, ta Alhaji Jibrin, babban ɗan kasuwar hatsi, aminin mahaifina marigayi. Shekara huɗu ni ke riƙe da mangazar nan: sayen kaka, ajiya, lodin motocin Agadas, cacar baki da dillalai. Abin da nake nema shi ne mastar, digiri na biyu, a wata makarantar kasuwanci a Dakar, mai ba da bursi, wato tallafin karatu, ga matan da suka taɓa aiki na gaske. Dosiye suke so, wato tarin takardun shaidar mutum, da takardar da mutum zai faɗi dalilinsa na son karatun, da hira ta bidiyo. A ƙarshe sukan kira wanda ka yi wa aiki, su tambaye shi halinka.

Ranar da amsa ta zo bara cewa ba a ɗauke ni ba, sai da Inna ta gama dama fura, ta rufe ƙwaryar da faifai. Sannan ta ce ta ba ni dama ɗaya tak in sake gwadawa. In an sake ƙi, zancen boko ya mutu, bayan kaka a yi bikina da Audi in tare a garinsu Belbeji.

"Ba korarki nake ba," in ji ta. "Amma yaron nan ya gina ɗaki har kwanon rufin ya fara tsatsa."

Kada ku yi min mummunar fahimta, ina son Audi. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gan shi na so. Ma'aikacin dabbobi ne, yana yawon rigakafi a rugage daga Belbeji har kwarin Tarka, bisa wata tsohuwar moto mai taya biyu da ba ta tashi sai an tura. Dogo ne, baƙi, rawaninsa kullum a karkace. In ya zo zance ko ya yi wanka da turare sai na ji warin maganin awaki, ni kuma har na saba, in ban ji ba sai in ga kamar wani ne ya zo. Ni ina ce masa Likitan Awaki, shi yana ce min Madam Direkta. Bai taɓa ce min kada in tafi ba. Bai kuma taɓa ce min in tafi ba. Da na gaya masa sharaɗin Inna, sai ya turo min hoton ɗakin, da ƙofa shuɗiya sabuwa, ya rubuta a ƙasa: "Ina addu'a ki ci. Ina kuma addu'a Allah ya yafe min ɗayar addu'ar."

To, bana na ɗaura ɗamara. Na ɗauko takardar da na rubuta bara na karanta, kunya ta kama ni. Duk manyan kalmomin Faransanci ne da na kwaso a littattafan lakkol, na makarantar boko, babu Tanut a ciki, babu hatsi, babu ni. Kowace yarinya daga kowace ƙasa za ta iya sa sunanta a ƙasa. Na yaga ta. Na sa wa kaina doka: duk jimlar da ba zan iya juya ta da Hausa Inna ta gane ba, ba ta shiga. Da la'asar ina zaune a tsakar gida bisa tabarma da ordinatar, wato kwamfuta, a cinya, Inna tana tsince zogale, ina karanta mata. In ta ce "me ke nan kuma?" sai in goge. Haka na rubuta yadda ƙwari suke cinye mana wake kafin bazara, da yadda na kawo buhu mai leda biyu a ciki, da yadda matan ƙauyen Falanko suka koya min gane hatsin da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi. Na rubuta abin da ban iya ba kuma, ƙarara: ban san yadda ake magana da banki ba, ban san yadda ake riƙe mangaza goma a gari goma ba. Shi nake so a koya min.

Ranar hira na sa lafayar Inna mai ruwan toka, wadda ta sha turaren wuta har ta ƙoshi, kamar za su ji ƙamshin ta cikin waya. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun safe. Rezon waya babu sai a saman soron mangaza, can na hau da kujera da laima, mutum uku a Dakar suna kallona, jaki yana kuka a bayana. Wani mai farin gashi a cikinsu ya tambaye ni me zan yi in farashi ya faɗi bayan na cika mangaza. Na ce masa ai ya taɓa faɗuwa, ga abin da na yi, ga inda na yi kuskure. Ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Na sauko daga soron nan ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Saura kira. Na tafi wurin Alhaji in shirya shi.

Sai kun san Alhaji Jibrin kafin ku gane sauran. Mutum ne da bai taɓa yabon komai ba. In ya ga hatsi mai kyau sai ya ce ƙaiƙayi ne. Motarsa sabuwa, gwangwani yake ce mata. Ni kuwa tun ranar da na fara aiki sunana a bakinsa Raguwa, ko da ni na buɗe mangaza ni na rufe. Duk yankinmu na Damargu an san shi da haka, har dillalai suna bin sa a kasuwa, in suka ji ya kushe kaya sai su ruga su saya.

Na same shi a ƙofar mangaza, na zuba masa shayi, na ce Baba, mutanen Dakar za su iya kiranka bana. Bara ba su kira ba, amma bana na kai matakin.

"Wa ya ce ba su kira ba? Sun kira mana."

Butar shayin ta kusa suɓuce min. Na tambaye shi me ya ce musu. Ya gyara zama, ya ɓantari goro, ya ba ni labari da alfahari. Wai wata 'yar Maradi ce mai karatu a can take yi musu tafinta. Sun tambaye shi yaya aikina, ya ce to, yarinya ce dai, tana taɓawa. Sun ce tana iya riƙe mutane? Ya ce ina, ai ko kaji ba ta iya korawa. Sun ce in ta tafi zai yi rashi? Ya ce rashin me, ai hutawa zai yi da ciyar da raguwa.

"Na rufe ki ruf," ya ce. "Baƙi ne, ban san idonsu ba, ban san bakinsu ba. In zauna in buɗe musu ke?"

Na ajiye butar, na ja mayafina, na tafi gida tun azahar ba ta yi ba, abin da ban taɓa yi ba. Na shiga ɗaki na kifa kaina a katifa na yi kukan da ban yi ba ranar da amsar ta zo. Shekara guda ina zargin kaina, ina cewa ƙwaƙwalwata ce ba ta kai ba. Ashe a Dakar ba wanda ya san cewa in Alhaji Jibrin ya kushe abu, saye ake yi.

Inna ta shigo ta zauna a bakin gado. Na zaci za ta yi murna, tun da hanyar Belbeji ta buɗe. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Alhaji ya taɓa samun 'ya ɗaya mace, Firdausi, tun kafin a haife ni. Wata ranar salla aka yi mata kitso da lalle, aka sa mata sabuwar atamfa, ta zo mangaza yawon salla. Ya ɗaga ta sama a gaban jama'a ya ce duk Damargu babu kamarta. Kafin watan ya fita sanƙarau ya ɗauke ta. Malamai sun yi ta gaya masa kwana ne ya ƙare, ya ce ya ji. Amma tun daga ranar bai sake yabon abin da yake so ba, bai kuma sake kiran sunan yarinyar ba. Ya ɗauka bakinsa ne.

Da yamma na tura wa Audi saƙon murya mai tsawo, rabi magana rabi shessheƙa. Ya kira ni nan take, ina jin kukan raƙuma a bayansa. Abin haushi, dariya ya fara yi. Ya ce lokacin da kawunnansa suka zo Tanut binciken halina, wurin Alhaji suka je, ya ce musu kada su yi asarar sadakinsu, yarinyar ko tuwo ba ta iya tuƙawa. Suka koma Belbeji suna murna, suka ce wa babansa a yi maza kafin wani ya riga su.

Na ce masa ni ba dariya nake ji ba. Sai ya ce to, a sauya lambar da ke cikin dosiye, a sa tasa. Zai naɗa rawani ya yi muryar tsofaffi, ya yabe ni har 'yar Maradin ta gaji da fassara. Ku duba fa, mutumin da faɗuwata ce ribarsa, shi ke neman yin ƙarya don in ci. A nan na ƙara sanin wanda zan aura. Amma na ƙi. Na ce ba zan shiga makarantar nan ta taga ba. Wanda ya ga aikina shi zai faɗa, ko kuwa a bar shi.

Washegari na buɗe mangaza kamar kullum. Na jira har masu gaisuwa suka watse, na durƙusa a gabansa.

"Baba, ka ƙi yabona don kada bakinka ya kama ni. To ya kama ni. Shekara guda ya ci min, kuma in ka maimaita bana, ya cinye ke nan har abada."

Ya daina tauna goron. Ya dube ni kamar na mare shi.

"Ba ki san abin da kike roƙona ba, 'yar nan."

"Na sani. Inna ta gaya min."

Carbinsa ya tsaya a hannunsa. Na ce ban roƙe shi ya ƙara min ko ƙwaya ɗaya ba, abin da idonsa ya gani kawai zai faɗa, kamar mai ba da shaida. Ya tashi ya shuri takalmansa ya nufi masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi min tsawo. Ya daina ce min Raguwa, bai kuma kira ni da wani suna ba. In yana son abu sai ya nuna da haɓa. Goro ma ya rage ci. A gida Inna ta fara fito da kwanonin da ta tara min tana gogewa. Audi kullum sai ya turo: "Sun kira?" In ce a'a. Ya turo hoton wani bunsuru mai gemu ya ce ga Alhaji yana tunani.

Kiran ya zo ranar kasuwa, ana tsakar lodin motar Agadas. Ina can ciki wajen sikeli, bayan tarin buhuna. Kunnen Alhaji ya yi nauyi, don haka kullum a bayyane yake sa wayarsa, kowa na ji. Na ji muryar mace tana gaishe shi da Hausar Maradi, tana cewa daga makarantar Dakar ne, game da Zuhaira. Ya daka wa masu lodi tsawa su dakata.

Ta ce yaya ya ga aikina.

"Yarinyar dai..." ya fara. Wallahi da muryar nan tasa ta kushe kaya. Na runtse ido, na dafa buhu. Na ce shi ke nan, Belbeji ga ni nan.

Matar ta ce alo, alo. Sai na ji ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla a hankali.

Ya ce ta rubuta da kyau, kada ta rage. Ya ba su labarin shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri a Ollelewa, farashi ya haura, kowane ɗan kasuwa yana tura hatsinsa arewa. Ya ce yarinyar nan ta kulle ɗaki guda na mangazarsa cike da hatsi, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ta hana shi, shi mai mangazar. Ya yi faɗa, ya yi barazanar kora, ta ce ya kore ta amma hatsin nan na ƙauyukan da suka sayar mana ne, za su dawo nemansa da damina. Suka kuwa dawo, ta sayar musu da sauƙi. Da kaka ta zagayo, manyan motoci suka shiga ƙauyukan nan da farashin da ya fi namu, mutane suka ƙi, suka ɗoro hatsinsu a amalanke har ƙofar mangazarmu. Ya ce shekara talatin yana kasuwa bai san ana sayen mutane da hatsi ba sai a wurinta.

Yana faɗa, matar tana juyawa da Faransanci, ina jin wani namiji a can yana cewa a ci gaba. Ya faɗi zancen wake. Ya faɗi ranar da na mayar da lodi guda saboda an jiƙa shi, dillalin yana zagina a gaban mutane ban ɗaga murya ba. Har laifina ya faɗa, wai ina da taurin kai kuma ba na cin abinci a kan lokaci. Masu lodi sun tsaya da buhuna a kafaɗa, baki buɗe. Wani tsohon dillali ya cire hularsa ya riƙe.

Daga ƙarshe ta yi masa tambayar bara. In ta tafi, zai yi rashi?

Na leƙo ta tsakanin buhuna.

"Na taɓa samun 'ya," ya ce. "Firdausi sunanta. Da ta rayu, haka nake so ta zama. Ki gaya musu, duk Damargu babu kamar wannan."

Ya kashe wayar tun matar ba ta gama godiya ba. Ya ƙwala min kira da sunana, Zuhaira, karo na farko tun da na san shi. Na fito na durƙusa. Ya yi ta karanta addu'o'i yana tofa min a ka, ya gama ya sake, gumi yana bin rawaninsa. Sannan ya ce in tafi gida yanzu, kada in hau moto, in bi inuwa.

Amsa ta zo da hantsi, ina tsakar awon gero da wata mata. Na ga saƙon, na karanta layin farko, na zauna daɓas a kan tiya, kwanon awon. An ɗauke ni, da bursi cikakkiya, har kuɗin jirgi. Matar da nake wa awo ba ta san me ya faru ba, ta ga ina dariya da hawaye, sai kawai ta rangaɗa guɗa. Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na tarar da Inna a tsakar gida ta mayar da kwanonin nan cikin kwali, maƙwabta sun cika gidan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce to, 'yar Dakar, sai a nemo akwati mai taya. Da ta juya na ga tana share ido da bakin kallabi.

Audi ya taso daga Belbeji a ranar, ƙura har gira. Ya zauna a zaure bisa tabarmar baƙi, na fito cikin atamfa kore da ɗan kunnen da ya saya min a Agadas. Ya ce Madam Direkta, ashe addu'ar farko aka karɓa. Na ce ta biyun fa? Ya ce ya janye ta tun ranar da ya ji na hau soro da laima. Shawararsa ita ce a ɗaura aure kafin in tashi, tarewa sai na dawo. Inna ta yarda. Uwarsa ce har yanzu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai aiko a tambaya ko a Dakar mata suna rufe kai. Ɗakin mai shuɗiyar ƙofa kuwa, ya ce zai zuba dusar awaki a ciki kafin nan, kada ya zauna banza.

Ni na ci, Audi zai yi jira, Inna za ta yi kewa. Duk wannan mun san iyakarsa. Alhaji Jibrin ne bai san iyakar nasa ba. Ya rasa mai riƙe masa mangaza, kuma da bakinsa ya bayar da ita, amma ba wannan ke cinsa ba. Tun ranar kiran nan, kullum in an sallame asuba, kafin ya je ko'ina, sai ya tako da sandarsa har ƙofar gidanmu. Ba ya shigowa. Daga zaure yake sallama, ya tambayi Inna ko na tashi lafiya, ko kaina ba ya ciwo, ko wuyana yana juyawa. Sai ya ji muryata sannan ya tafi. Ya rame, rigunansa sun yi masa yawa.

Jiya na ce masa Baba, in na tafi Dakar fa, shekara biyu ce. Ya ce ya sani. Ya riga ya sa an nuna masa yadda ake kiran ƙasar waje, kuma ya tambaya an gaya masa asubarsu tana bayan tamu. Zai jira ta, sannan ya kira.